Zango dubu, sarki babu: wa zai raba gardama?

Maganar da muka ɗauko yau ta taso ne daga nesa, daga Turai da Amurka, kuma ta shafi na'urorin da mafi yawanmu ba su taɓa gani da ido ba. Amma duk wanda ya taɓa zama cikin wata ƙungiya, ta manoma ce ko ta makiyaya ko ta mata masu adashi, zai gane ta tun ba mu yi nisa ba. Idan mutane suka taru wuri ɗaya domin su yi magana, suka ce ba su son kowa ya mulke su, wa zai tsawata wa wanda ya zagi uwar wani? Shi kuma mai tsawatawar, wa zai taka masa birki ran da ya wuce gona da iri?

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Manyan dandalolin zumunta na intanet, irin su Facebook da Twitter, wanda aka sauya wa suna ya koma X a shekara ta 2023, kowannensu kasuwa ce ta mai ita. Kamfani ne ya share fili, shi ya kafa rumfuna, shi ke riƙe da makullin ƙofa. Kai mai shiga baƙo ne, ko da ka shekara goma kana baje kolinka a ciki. Ran 27 ga watan Oktoba na 2022 attajirin nan Elon Musk ya saye Twitter a kan dalar Amurka miliyar 44. Cikin ƴan makonni ya sallami kusan rabin ma'aikata, ya maido da waɗansu da aka kora tun da can saboda mugun baki, kuma a tsakiyar watan Disamba ya dakatar da waɗansu ƴan jarida. Wani lokaci yakan jefa tambaya ya ce jama'a su kaɗa ƙuri'a, amma shi ke zaɓen tambayar, kuma shi ke da maganar ƙarshe.

Kasuwa mai ƙofa ɗaya tana da wani aibin kuma: ba wuya a rufe ta daga waje. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga haka. Ran 5 ga watan Yuni na 2021 gwamnatin ƙasar ta toshe Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na shugaba Muhammadu Buhari, kuma ba a sake buɗewa ba sai ran 13 ga Janairu na 2022. A tsakanin nan hukumomin ƙasar sun koma wani dandali na Indiya mai suna Koo. Shi kuma Koo ya rufe baki ɗaya a watan Yuli na 2024, da duk abin da aka rubuta a cikinsa.

To, tun kafin duk wannan, wani saurayi Bajamushe haifaffen Rasha mai suna Eugen Rochko, wanda ya yi karatun kwamfuta a jami'ar Jena, ya fito da wata manhaja a 2016, ya sa mata suna Mastodon. Dabararsa ita ce a bar kasuwa ɗaya a koma zango-zango. Duk wanda ke da kwamfuta mai kwana a kunne, ko kuɗin hayarta, yana iya ɗaukar manhajar kyauta ya buɗe nasa wuri, ya rubuta dokokinsa, ya karɓi baƙin da ya ga dama. Wuraren nan kuma suna magana da juna ta wata ƙa'ida da ake kira ActivityPub, wadda W3C, wato majalisar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a watan Janairu na 2018. Abin ya yi kama da wayar salula: mai layin wannan kamfani yana kiran mai layin wancan, ba tare da ya sauya layinsa ba. Turawa sun haɗa kalmomi biyu sun ƙirƙiro wa tsarin suna. Mu a nan za mu ce masa tarayyar masaukai, mai riƙe da kowane ɗaya kuma mu ce masa mai masauki, domin aikinsa bai bambanta da na fatoman da ke saukar da fatake ba: ya ba ka ɗaki, ya adana kayanka, ya tsaya maka in rigima ta taso, in kuma ka ɓata masa rai ya fitar da buhunanka waje.

Da Musk ya karɓi Twitter, sai jama'a suka yi ta kwarara can. Rochko da kansa ya bayyana cewa masu amfani da Mastodon a wata sun tashi daga kimanin dubu 300 zuwa miliyan 2 da rabi a ƙarshen 2022. Da yawa sun koma inda suka fito bayan ƙura ta lafa, amma masaukai dubbai sun tsaya, waɗansu na ƴan jarida, waɗansu na malaman jami'a, waɗansu na mutum goma da suka san juna. Abin da ya jawo su kalma ɗaya ce: ƴanci. Babu attajirin da zai saye wurin gaba ɗaya, domin babu wuri ɗaya da za a saya.

Wannan gaskiya ce, kuma ban raina ta ba. Amma ra'ayina shi ne, tarayyar masaukai ba ta kawar da sarauta ba, ta rarraba ta ne ga masu gari dubbai, kuma mafi yawansu ba wanda ya naɗa su, ba wanda zai iya tuɓe su. Ga dalilaina.

Jarrabawa ta farko ta zo a 2019. Akwai wani dandali na Amurka mai suna Gab, matattarar masu ƙin baƙar fata da Yahudawa. A can ne mutumin da ya kashe masu ibada 11 a wani wurin bautar Yahudawa na birnin Pittsburgh, a watan Oktoba na 2018, ya yi rubutunsa na ƙarshe kafin ya fita da bindiga. Da kamfanoni suka yi ta juya wa Gab baya, sai a watan Yuli na 2019 ya ɗauki manhajar Mastodon ya gina sabon gidansa da ita. Ba wanda ya isa ya hana shi, ko Rochko ma, tunda lasisin manhajar ya ba kowa izini. Nan take aka wayi gari da baƙon da ba a gayyata ba, kuma ya fi yawancin masaukai girma. Me aka yi? Masu masaukai, kowa a gidansa, suka yi ta toshe hanyar da ta haɗa su da Gab, har saƙonsa ya daina isa ga baƙinsu. Waɗansu masu ƙera manhajar salula, irin su Tusky, suka hana a shiga Gab ta kayansu. Ba taro aka kira ba, ba alƙali ya zauna ba, amma aka mai da shi saniyar ware, daga baya shi da kansa ya janye daga tarayyar.

Masu son tsarin suna kawo wannan labari a matsayin hujja, kuma suna da gaskiya: an kare mutane ba tare da an hana kowa magana a gidansa ba. Amma mu duba makamin da aka yi amfani da shi. Toshe hanya hukunci ne a kan gari sukutum. Ran da mai masaukinka ya yanke hulɗa da wani masauki, duk abokanka na can sun ɓace maka, kai ma ka ɓace musu, ko da ba ku san abin da ya haɗa masu gidajen biyu ba. A kan Gab, kusan kowa ya yarda. Amma wuƙar da ta yanka kura ita ce ke rataye a ɗaki kullum, kuma an sha zare ta a kan abin da bai kai ya kawo ba: saɓani tsakanin masu masaukai biyu, ko jinkirin goge wani saƙo, ko sunan masauki da ya shiga cikin wani jerin da ake yaɗawa ba tare da an ji ta bakinsa ba. Laifin mutum ɗaya ya shafi dubu, kuma dubun nan ba su da inda za su kai kuka.

An sake ganin haka a 2023, lokacin da kamfanin Meta, mai Facebook, ya buɗe dandalinsa na Threads a watan Yuli, ya ce zai haɗa shi da tarayyar. Ɗaruruwan masu masaukai suka sa hannu a wata yarjejeniya cewa za su toshe shi tun bai iso ba, domin suna tsoron giwa in ta shiga gona, ko da gaisuwa ta zo yi, shuka ta lalace. Rochko kuwa ya yi maraba da shi. Ba nufina ba ne in ce wane ya yi daidai. Abin da na lura da shi shi ne, a masaukai da yawa mutum ɗaya ko biyu ne suka yanke wa kowa shawarar wanda zai iya yi wa magana, baƙi kuma suka ji labari bayan an gama.

Amsar da akan bayar ita ce: in ba ka son hukuncin mai masaukinka, ai ƙofa a buɗe take, ka ƙaura. Haka ne, kuma Mastodon ta tanadi hanyar ƙaura, mabiyanka suna iya bin ka sabon wuri. Sai dai rubuce-rubucenka na baya ba su bin ka su bayyana a can. Kana iya kwasar kwafinsu ka ajiye, amma hirar da aka yi a ƙarƙashinsu ta zauna a tsohon gida. In kuwa mai masauki ya riga ya rufe maka ɗaki, ko na'urarsa ta mutu cikin dare, ƙaurar ma takan gagara. Kakanninmu sun san darajar ƙaura, sun kuma san tsadarta. Zamanin aikin dole da harajin Nasara, ƙauyuka sun tashi cikin dare sun tsallaka iyaka. Sun tsira da kawunansu, amma sun bar rijiyoyin da suka gina da gonakin da suka sassabe da kaburburan iyayensu. Ba wanda zai ce wa mutanen nan suna cikin adalci domin hanyar gudu a buɗe take.

Masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya yi littafi a 1970 inda ya bambanta hanyoyi biyu da mutum ke da su idan ƙungiyarsa ta lalace: ko ya fita, ko ya ɗaga murya a gyara. Tarayyar masaukai ta ƙware a ta farko, ta yi sakaci da ta biyu. Kuma inda fita ta zama ita kaɗai ce magani, masu ƙarfi da masu sanin na'ura su ke fara tafiya, a bar raunana da mai gida.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa masu masaukai azzalumai ne. Mafi yawansu ƴan sa kai ne, suna biyan hayar na'ura daga aljihunsu ko daga ɗan taimakon da baƙi ke jefawa, suna tashi cikin dare su gyara abin da ya lalace, suna karanta zagi da ƙazanta domin sauran mutane kada su gani. A nan ne ma haɗari na biyu yake. Nauyin da aka ɗora wa mutum ɗaya yakan faɗi tare da shi. Masaukin mastodon.technology ya rufe a ƙarshen 2022 domin mai shi yana jinyar wani nasa, ba shi da sauran ƙarfi. Na mastodon.lol, mai dubban mutane, ya rufe a 2023 bayan wata rigima a kan wani wasan kwamfuta ta sa mai shi ya ce ya gaji. A watan Mayu na 2023 kuma, jami'an FBI na Amurka sun shiga gidan ɗaya daga cikin masu kula da masaukin kolektiva.social a kan wata magana dabam, suka kwashe na'urori, ashe a cikinsu akwai kwafin rumbun bayanan masaukin ba a kulle ba. Ya kamata a sani cewa saƙon da ka aika wa mutum ɗaya a Mastodon ba a rufe yake da makullin sirri ba, mai masauki yana iya buɗe shi in ya so. Amanar da ka hana kamfani, ka ba wani mutum ne da ba ka taɓa gani ba.

Akwai kuma ayyukan da suka fi ƙarfin ɗan sa kai. A watan Yuli na 2023 masu bincike na jami'ar Stanford sun duba saƙonni kimanin dubu 325 a manyan masaukai 25 cikin kwana biyu, suka sami 112 ɗauke da hotunan lalata da yara waɗanda hukumomi suka riga suka sani. Manyan kamfanoni suna da na'urorin tace irin wannan da ma'aikata masu albashi. Mai masauki da ke aiki da rana ya duba ƙararraki da dare ba shi da su. An kafa wata ƙungiya mai suna IFTAS a 2023 domin ta taimaka wa ƙananan masaukai da irin waɗannan kayan aiki, amma a farkon 2025 ta sanar da dakatar da waɗansu ayyukanta saboda rashin kuɗi. Kowa na son rijiya, yasarta ce ba mai so.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Usenet, tsarin tattaunawa da ɗalibai biyu na jami'ar Duke suka ƙirƙiro a 1979, shi ma ba shi da sarki. Ya zauna lafiya muddin mutanensa kaɗan ne kuma suna jin kunyar juna. A watan Afrilu na 1994 waɗansu lauyoyi biyu na jihar Arizona suka watsa tallarsu a zaurukansa fiye da dubu 5 a lokaci ɗaya, daga nan ƙofar talla ta ɓalle. Waɗanda suka tashi kare shi ƴan sa kai ne masu goge saƙonni da toshe hanyoyi, ba wanda ya zaɓe su, kuma gardamar ko suna da hurumin yin haka ba ta ƙare ba har jama'a suka watse. Wata Ba'amurkiya mai fafutukar haƙƙin mata, Jo Freeman, ta riga ta gano wannan a farkon shekarun 1970 cikin ƙungiyoyin da suka ƙi naɗa shugabanni: ta nuna cewa shugabannin suna nan, sai dai a ɓoye, kuma wanda ba a naɗa shi a fili ba, ba a iya tuhumarsa a fili. Duk wanda ke cikin wani rukunin WhatsApp na dangi ko na tsofaffin ɗalibai ya ga ƙaramin misalin abin. Ni kaina na ga an cire wani abokin karatunmu daga rukuninmu da tsakar dare, da safe aka yi ta tambaya, wanda ya cire shi ya ce ya yi rashin ladabi, alhali ba a taɓa rubuta abin da ake kira rashin ladabi ba, ba a kuma ce ga wanda zai saurari ɗaya ɓangaren ba. Har yau mutanen biyu ba su gaisawa a wurin biki.

To mene ne mafita? Waɗansu za su ce a koma hannun kamfani, ko a miƙa kome ga gwamnati. Ban yarda ba, kuma akwai wadda ta yi shekaru tana nuna cewa hanya ta uku tana nan. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta bi diddigin al'ummomin da suka riƙe dukiyar tarayya, makiyaya da dazuzzuka da ruwan ban-ruwa, shekaru ɗaruruwa ba tare da ta lalace ba. A littafinta na 1990 ta nuna cewa suna da halaye iri ɗaya. An san wane ne ɗan gida, wane ne baƙo. Waɗanda doka za ta hau kansu suna da baki wajen yin ta da sauya ta. Masu sa ido suna ba da bahasi ga jama'a. Horo hawa-hawa ne, ba a fara da kora. Kuma akwai wurin sasanta rigima kusa, mai araha, mai sauri. Cikin misalanta akwai manoman Balansiya ta ƙasar Sipaniya, waɗanda kotunsu ta ruwa ke zama ran Alhamis da tsakar rana a ƙofar babbar majami'ar birnin. Alƙalan manoma ne da ƴan uwansu suka zaɓa, ana shari'a da baki a gaban kowa, a yanke hukunci nan take. Ba sarki ya aiko su ba, kuma ba za a ce babu hukunci ba.

Abin da ya ja hankalina shi ne, a cikin tarayyar masaukai akwai waɗanda suka kama wannan hanya. Tun 2017 masaukin social.coop yake tafiya a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa, irin koperatif da manomanmu suka sani: kowane mamba yana biyan ɗan abin da ya iya, ana baje lissafin kuɗi a fili, ana kawo shawara a tattauna a kaɗa ƙuri'a, masu kula da tarbiyyar wurin kuma aiki ne da ake ba su, ana iya karɓe shi. A 2019 ma Mastodon ta fito da wani alƙawari da mai masauki zai ɗauka kafin a sa sunansa cikin jerin da take nuna wa sababbin shiga: zai yaƙi wariyar launin fata da ta jinsi da makamantansu, zai riƙa adana kwafin bayanai kullum, zai ba aƙalla mutum ɗaya bayan shi makullin na'ura saboda larura, kuma zai ba da sanarwar wata uku kafin ya rufe. Alƙawari ne mai kyau, amma a lura: yana kare baƙo daga mutuwar masauki, bai ce kome ba a kan ikon baƙo na sa baki a dokar gida. Shi kansa Rochko ya gane cewa ba daidai ba ne aiki irin wannan ya rataya a wuyan mutum ɗaya. A watan Janairu na 2025 ya sanar cewa zai miƙa mallakar Mastodon ga wata ƙungiya marar neman riba, a watan Nuwamba na shekarar kuma ya sauka daga shugabancin.

Na san abin da za a ce mini, domin duk wanda ya taɓa zama taron koperatif ya san shi: shawara tana cin lokaci, mutum ɗari ke da rajista, goma ke zuwa taro, a cikin goman nan uku ke magana. Mai zagi kuwa ba ya jiran taro. Haka ne. Saboda haka ba na cewa a kira ƙuri'a a kan kowane saƙo. A bar mai kula ya yi aikinsa da sauri, ya ɓoye abin da ya ga cutarwa ne, ya dakatar da mai shi nan take in ta kama. Amma a gaya wa wanda aka hora dokar da ya karya, a ba shi wa'adin ɗaukaka ƙara gaban wani wanda ba shi ne ya yanke hukuncin farko ba, kuma a riƙa faɗa wa jama'a lokaci-lokaci mutum nawa aka hora da dalili. Waɗannan uku, wato sanarwa da ɗaukaka ƙara da lissafi, su ne ƙa'idojin da waɗansu malamai da ƙungiyoyi suka tsara a Santa Clara ta Amurka a 2018 domin manyan kamfanoni. Abin mamaki ne a nemi kamfani ya bi su, a yafe wa mai masauki domin shi namu ne. Manyan shawarwari kuwa, irin yanke hulɗa da wani masauki mai dubban mutane, su ne suka cancanci a tsaya a ji ta bakin kowa, sai fa in gobara ce.

Ga ma'aikatan hukuma masu karanta wannan shafi, akwai darasi daga Ingila. Dokarsu ta tsaron intanet ta 2023 ta tanadi tara da za ta iya kai fam miliyan 18, ko kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. Da lokacin fara aiki da ita ya gabato a watan Maris na 2025, sai waɗansu masu ƙananan zauruka, har da na masu sha'awar hawan keke a Landan, suka sanar za su rufe, domin ba su da lauyoyin da za su fassara musu nauyin da ya hau kansu. Manyan kamfanoni kuwa ko gezau. Dokar da ta auna akuya da ma'aunin raƙumi takan kashe ƙananan wurare ta kora kowa ya koma babbar kasuwa, wato wurin da aka gudu tun farko. Laifi irin cin zarafin yara da zamba da tunzura kisa aikin kotu ne ko a ina aka yi shi, kuma mai masauki ba shi da ikon ɓoye mai laifi. Amma abin da bai kai laifi ba, rashin kunya da gardama da baƙar magana, gara a bar wa mutanen wurin su tsara yadda za su yi da shi, muddin sun tsara ɗin.

A nan ne maganar ta dawo gida. Dalili mafi ƙarfi da zai sa masu magana da Hausa su kula da wannan tsari shi ne harshe. Wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014, ya ba Bagobiri izinin ya gaya wa Bazabarme maganar da in baƙo ya ji zai ce yaƙi ya tashi, haka kuma tsakanin Babarbare da Bafillace. Mai masauki da ke zaune a Berlin, ko da ya so adalci, sai dai ya ba na'urar fassara, ita kuwa za ta ce masa wani ya kira wani bawansa, ya kori mai wasa. Habaicin da zai raba aure ko ya haɗa unguwa biyu faɗa kuma zai wuce ta gabansa lafiya lau, domin babu kalmar zagi ko ɗaya a ciki. Wanda zai bambanta waɗannan biyu sai wanda ya tashi cikin harshen, kuma tarayyar masaukai ce kaɗai, cikin tsare-tsaren da muka ambata, ta ba irin wannan mutum damar zama alƙali a gidansa.

Saboda haka duk ƴan ƙasarmu da suka yi niyyar buɗe masauki, malaman makaranta ne ko ƴan jarida ko ɗaliban jami'a, shawarata ita ce su zauna su rubuta takarda ɗaya tun kafin baƙon farko ya shigo, lokacin da ba wanda ke fushi da kowa. A rubuta ta da Hausa, da sauran harsunan waɗanda za su zauna a wurin. Takardar ta faɗi nawa kowa zai biya a wata, da wanda zai riƙe kuɗin, da sunan mutum na biyu mai makullin na'ura. Ta faɗi wa'adin masu kula da yadda ake sauke su. Ta faɗi kwana nawa wanda aka dakatar yake da su domin ya kawo kukansa, da kuma gaban wa zai kai shi.